Ƙofar da Aka Zana wa Yaya

Duk wanda ya taɓa ɓatar da makullinsa a wannan yanki na gari ya san rumfar da ke ƙarƙashin matakalar benen teloli. Rumfa ce da ko mutum biyu ba za su juya a cikinta ba, amma shekara arba'in da ɗaya mutum guda ya yi a ciki, shi da injin yankan makulli, da magagari shida, da wata waya da ya ɗaura daga bango zuwa bango ya jera makullai a jiki. Baba Mai Makulli ake ce masa. Tun yana da baƙin gashi ake kiransa Baba, don tun a lokacin fuskarsa ta dattawa ce, magana kuwa sai ka yi da gaske kafin ka ciro ta daga bakinsa. In ka miƙa masa makulli ba ya ko kallonsa. Shafa haƙoran yake yi da babban yatsa, ya faɗa maka na ɗaki ne ko na akwati, sannan ya ƙara maka da cewa kana murɗa shi da ƙarfin da ya wuce kima. Mutane suna jin haushin wannan ƙarin bayanin da ba su tambaya ba, amma suna dawowa, don makullin da ya yanka bai taɓa cijewa a ƙofa ba.

Abin da yawancin masu zuwa rumfar ba su sani ba shi ne, yayarsa ce ta raine shi. Yana da shekara huɗu mahaifiyarsu ta rasu. Mahaifinsu direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku a hanya ya kwana biyu a gida. Yaya, wadda ta girme shi da shekara goma sha biyu, ita ta ajiye littafi ta ɗauki dutsen guga. Ɗaki biyu suke haya a ƙarshen wani dogon gini da ke bayan masana'antar yankan katako, kuma a ɗakin gaba take goge kayan mutane tun safe har sai kafaɗarta ta ƙage. Da gugar nan ta saya masa takalmi, da ita ta kai shi koyon sana'a da ta ga karatu ya ƙi shiga kansa, da ita ta tsaya masa har ya yi aure. Ita kuwa sai da ta doshi arba'in ta yi nata. Mijin, wani mai gadin masana'antar, shi ya dawo ɗakunan nan biyu, ya zauna da ita shekara tara ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba.

Da aka tashi yin gadar sama, ginin na cikin waɗanda aka shafa wa jan fenti, alamar za a rushe su. Mai Makulli ya je da motar ɗaukar kaya ya kwaso Yaya da teburin gugarta, ya ba ta ɗakin da ya fi kowanne iska a gidansa. Shekara ashirin ta yi a nan, ta goyi 'ya'yansa huɗu, ta yi faɗa da matarsa sun shirya ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Shi dai ba a taɓa ji ya gode mata da baki ba. Godiyarsa ita ce kullum da yamma in ya dawo, kafin ya cire takalmi, sai ya leƙa ɗakinta ya ce, “Yaya, na dawo.” Ita kuma ta ce, “To, Auta,” ko da yake Autan nata ya haura sittin.

Gigin tsufa bai zo mata a rana ɗaya ba. Da farko sunayen jikoki ne suka riƙa cakuɗe mata, ana dariya. Sai ta fara ɓoye cokula a ƙarƙashin matashin kai, dariyar ta ragu. Wata yamma ya leƙa ya ce ya dawo, ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara mayafinta, ta ce, “Sannu, bawan Allah. Wa kake nema?” Ya ce mata shi ne, Auta ne. Ta matsa jikin bango tana kallonsa da tsoro, har sai da matarsa ta ja shi waje. Ranar bai iya haɗiyar ko loma ɗaya ba. Daga baya ya gwada sau da yawa, kuma duk sanda ya ce shi ne sai ta firgita, don haka ya daina, ya haƙura da zama bawan Allah a gidansa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babban tashin hankalin shi ne fita. Sai a ga Yaya ta ƙulle 'yan tsummokaranta a ɗankwali, ta ce ta gode da karamci, za ta koma gida. Ana ɗauke ido ta sulale. Karo na farko a bakin shagon mai burodi aka same ta. Na biyu wata maƙwabciya ce ta taro ta a tashar mota. Na uku kuwa har mararrabar da ke gindin gadar sama ta kai, ta tsaya a tsakiyar titi da ƙullinta a ka, tana waige-waige tana neman ginin da aka rushe shekara ashirin da suka wuce. Direban wata motar dakon mai ne ya taka birki har tayoyinsa suka yi hayaƙi. Direban da kansa ya kawo ta gida.

Matar Mai Makulli mace ce mai baki, amma ba muguwa ba ce, kuma ita ce mai wanke Yaya da ba ta abinci da bin ta duk inda ta yi, ga ciwon gwiwa. Ranar ta zaunar da shi ta faɗa masa gaskiya. Ta ce ita ba ta da ƙafar guje-guje, yaran duk sun watse gidajensu, kuma in aka sake yin haka gawa za a kawo. Ta ce a sa wa ɗakin Yaya kwaɗo ta waje, daga safe zuwa dawowarsa.

“Kai da ka kulle wa rabin garin nan ƙofa,” in ji ta, “ƙofa ɗaya ce za ta gagare ka?”

Bai musa ba, don ya san tana da gaskiya. Washegari ya zaɓo kwaɗo mafi laushin buɗewa a rumfarsa ya jefa a aljihu. Kwana takwas yana yawo da shi. Kullum da safe sai ya tsaya a ƙofar ɗakin, ya ji Yaya a ciki tana ninke zanen gado tana lallatsa shi da tafin hannu, sai ya wuce abinsa da kwaɗon a aljihu. Ya kulle shaguna, ya kulle ɗakunan ajiya, ya taɓa yin makullin kejin kare, amma ya kasa kulle matar da ta goya shi, kuma yana jin kunyar ma da ya ɗauko kwaɗon.

A tsallaken titi, daura da rumfarsa, akwai shagon wani mai zane. Mutum ne ɗan kimanin arba'in da biyar, siriri, duk rigunansa da ɗigon fenti. Yana rubuta allunan shaguna, yana kuma zana fuskokin mutane in an kawo masa hoto. Shekara goma sha biyu suna gaisawa daga nesa, kuma a zuciyar Mai Makulli wannan ba sana'a ba ce, wasan yara ne da ya bi mutum har girma. To amma a kwana na tara yana zaune yana kallon mai zanen ya jingina wani allo a waje ya bushe, hoton wata rijiya ce da bishiya, sai ya ga wata tsohuwa mai wucewa ta tsaya ta daɗe tana kallo. Nan tunanin ya zo masa. Tunda gida Yaya take nema, gidan kuma babu shi, me zai hana a kawo mata shi ɗakinta? Ya rufe rumfa da rana tsaka, abin da bai saba yi ba, ya tsallaka titi.

Mai zanen ya share masa kujera ya tambaye shi hoton gidan. Babu hoto. Wa zai ɗauki hoton ɗakin haya a bayan masana'antar katako? Mai zanen ya ce ba komai, ya jawo takarda da fensir, ya ce Baba ya yi ta faɗa shi kuma yana zanawa, inda ya kuskure a gyara masa. Suka daidaita a kan ladan aikin cikin magana biyu, suka fara.

Mutumin da ba ya haɗa jimla uku a yini, ranar sai ga baki ya buɗe. Bangon ruwan ƙasa ne, ƙasansa ya yi baƙi saboda ruwan sama. Matakala biyu ce, ta biyun ta gutsure a gefen dama. Akwai taga ɗaya mai sandunan ƙarfe huɗu. Da aka zo kan ƙofa kuwa, sai mai zanen ya ga dattijo ya gyara zama. Ƙyauren katako ne falle uku, koren fenti, na tsakiyan yana da ido kamar na saniya. Ya faɗi ƙusoshin da ke jiki, ya faɗi inda tsatsa ta zubo ta yi layi, ya faɗi irin ƙarfen da ake rataya kwaɗo da yadda ya ɗan karkace. Sai kwaɗon kansa, na farin ƙarfe mai wuyan tagulla, da tabon guduma a kafaɗarsa ta hagu. Shi ne kwaɗo na farko da ya taɓa warwarewa ya mayar, yana ɗan shekara tara, kuma ya san shi fiye da yadda ya san fuskar wasu 'ya'yansa.

Mai zanen ya tambaye shi ko a bar ƙofar a buɗe. Mai Makulli ya dube shi kamar ya yi saɓo. In an buɗe ta ina za a ga ƙyauren? Ina za a ga kwaɗon? Ya ce a rufe ta, a rataya kwaɗon a mazauninsa, yadda Yaya na gani za ta san ƙofarta ce ba ta maƙwabta ba. Mai zanen ya ɗan yi jim, amma mai abu ya faɗi yadda yake so, sai ya yi shiru.

Sati uku aka yi ana aikin, kuma mai zanen ya sha wuya a hannun dattijon nan. Kullum sai ya tsallako sau biyu. Koren ya yi haske, a rage. Wuyan kwaɗon ya yi kauri, wannan ai na shagon hatsi ne ba na ɗaki ba. Ramin makullin ya karkace, wane makulli ne zai shiga nan? Har sai da mai zanen ya ce, cikin raha, shi dai bai taɓa zana kwaɗon da ake shirin buɗewa ba sai wannan. A gida kuwa matarsa ta ba shi wa'adin sati ukun nan, ta jawo kujera ta kafa a bakin ƙofar gida, tana gadin Yaya tana mita.

Ranar da aka gama, shi da mai zanen suka ɗauko allon, faɗinsa ya kai tebur, suka kafa shi a bangon da ke fuskantar gadon Yaya. Tana zaune tana ƙulla ɗankwalinta tana kwancewa. Da ta ɗago ido sai hannunta ya tsaya. Ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba, ta taka har gaban allon, ta sa yatsa a kan matakalar da ta gutsure. Fuskarta ta saki, irin sakin da suka yi shekara biyu ba su gani ba. Ta ce ai ga gida, ga tagarta, ashe kusa ne. Mai Makulli ya ji ƙirjinsa ya cika, matarsa ta kama bakinta da gefen mayafi.

Sai idon Yaya ya sauka a kan kwaɗon.

“Wa ya kulle?” ta tambaya a hankali.

Ta kai hannu za ta kama shi, yatsunta suka zame a kan fenti. Ta sake kaiwa. Ta sa farce tana ƙwaƙular wuyan tagullar nan da aka yi sati uku ana gyarawa, numfashinta yana sama-sama. Da ta ga ya ƙi, sai ta juyo ta dubi ƙanenta, ta miƙa masa tafin hannu.

“Bawan Allah, taimake ni da makulli. Sun kulle sun tafi, ni ina waje.”

Akwai makullai a aljihunsa na dama, akwai a na hagu, akwai sama da dubu a rumfa. Ya tsaya da hannuwansa a sake yana kallon tafin hannun yayarsa, bai da abin da zai ɗora a kai. Ta yi kuka ranar, kuka mara sauti irin na wanda aka kora. Matarsa ce ta yi ƙarfin halin sauke allon ta juya fuskarsa bango. Kwana biyu Yaya ba ta karɓi komai ba sai ruwan shayi, kuma ko ƙullin nata ta daina ajiyewa, da shi take kwana a ƙirji.

A rana ta uku ya tsallaka titi da niyyar faɗa, don mutum in ya yi ɓarna yakan so ya sami wanda zai raba ta da shi. Mai zanen ya bar shi ya gama huci. Sannan ya ajiye burushi ya ce shi ma bai yi barcin kirki ba tun ranar, kuma da laifinsa, tunda zuciyarsa ta ɗarsa masa wani abu ya yi shiru. Ya ce yana da tambaya ɗaya.

“Baba, duk zamanka a gidan nan, sau nawa ka ga kwaɗon a jikin ƙofar?”

Mai Makulli ya buɗe baki zai ce kullum, sai ya tuna. Kwaɗon ai a ƙusa yake rataye, ta ciki, bayan ƙyaure. A nan yake ɗaukarsa ya yi wasa da shi. Ina Yaya take zuwa da za a kulle ƙofa? Masu kawo guga suna shige da fice, zafin gawayi ba ya barin a rufe ɗaki, ita kuma tana tsaye a bakin teburinta tun safe. Ya lalubi shekarun nan kaf, ya samo rana biyu tak: ranar da suka tafi asibiti ɗauko gawar mahaifinsu, da ranar da ya kwashe ta za a rushe ginin. A ranar ta biyun ma shi da hannunsa ya datse kwaɗon, don sabo, a kan ɗakin da ba komai a ciki. Wannan ƙofar ya sa aka zana mata. Ya zauna a kan wani gwangwanin fenti ba tare da ya duba ko a rufe yake ba.

Can sai ya ce a kankare kwaɗon kawai. Mai zanen ya ce zai iya, aikin rabin yini ne, amma rufaffiyar ƙofa rufaffiya ce ko ba kwaɗo, kuma ya gaji da zana gidan Yaya daga bakin wanda ba Yaya ba. Ya roƙi a bar shi ya je ya zauna da ita. Mai Makulli ya ce ai ba ta amsa tambaya, ko sunanta ka tambaya sai ta dube ka. Mai zanen ya ce ba tambayarta zai yi ba. Ya ce a aikinsa ya lura mutane ba su iya faɗin abin da ke cikin kansu ba, amma ba wanda ke iya haƙuri ya ga an zana nasa ba daidai ba, kuma Baba da kansa shaida ne.

Haka ya zo da hantsi, ya gaishe ta, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta da takarda a cinya. Ya zana tebur, ya ɗora dutsen guga a kai, da gangan ya sa hannun dutsen yana kallon hagu. Yaya tana kallonsa ta wutsiyar ido. Can ta yi tsaki ta ce wane irin mai guga ne wannan, bahago ne? Ya goge ya gyara. Ya zana taga a bayan teburin. Ta ce a'a, taga tana dama, in tana baya ai inuwarka za ta rufe maka kaya. Ya zana ƙofa a rufe. Ta fizge takardar, abin da ya ba kowa mamaki, ta ce wa zai rufe ƙofa da wannan zafi, a buɗe take, da dutse a gindinta don kada iska ta maido ta.

Kwana huɗu yana zuwa. Mai Makulli yana tsaye a bakin ƙofa yana jin yayarsa tana zuba magana kamar ba ita ba, tana yi wa baƙo faɗa a kan inda kwandon gawayi yake zama. Abin da ya fito a takardar bai yi kama da abin da shi ya bayar ba ko kaɗan. Shi daga titi ya san gidan, yadda mai dawowa yake ganinsa. Ita kuwa daga ciki ta san shi, daga bayan tebur: gefen bargon guga da ya ƙone a kusurwa, bakin ƙofa a buɗe, matakala biyu suna sauka, sannan titi ya miƙe, ga famfon unguwa, ga turken lantarki, ga katangar masana'anta, har can inda hanya ta karya kwana ta ɓace. A kan kwanar nan ta fi tsananta masa, sau biyar tana sa shi yana matsar da ita. Da ya ɗiga wani ɗan mutum a wurin don titin ya yi rai, sai ta sa babban yatsa ta murje shi, ta ce ba kowa tukuna.

Wannan karon a kan katako mai tsayin ƙofa ya yi zanen, kuma Mai Makulli bai tsallaka titi ko sau ɗaya ba ya ce a gyara wani abu. Da aka kawo, suka jingina shi daga ƙasa, a bangon da hasken taga yake faɗawa. Matarsa ce ta ce a jawo tsohon teburin gugar daga ɗakin ajiya a sa a gabansa, aka ɗora bargo, aka ajiye kujera. Yaya ta dubi allon, ba ta yi murna ba, ba ta yi mamaki ba. Ta zagaya bayan teburin kawai ta zauna, ta ajiye ƙullinta a ƙasa, ta ce wa matar gidan ta miƙo mata kayan da za a ninke.

Kwana ɗaya ya wuce ba ta nemi fita ba. Sati ya wuce. Aka kwance ƙullin aka mayar da tsummokaran cikin akwati, ba ta ko tambaya ba. Tana ci, tana barci, tana ninke duk abin da aka ba ta, a warware a sake ba ta ta sake ninkewa. Matarsa ta ɗauke kujerar gadi daga bakin ƙofar gida, ta ce wa maƙwabta mai zanen nan Allah ya yi masa albarka, ita da ta ɗauka shirme ne. Abu ɗaya kawai ta lura da shi, ta kuma faɗa wa mijinta: da rana ta take, wajen ƙarfe biyu, Yaya takan daina ninki, ta ɗora hannuwa a kan tebur, ta zuba wa allon ido, ko an yi mata magana ba ta ji.

Wata Talata ya rufe rumfa da wuri ya dawo ya gani da idonsa. Ya same ta yadda aka faɗa, ta miƙa wuya gaba kaɗan, idonta a can ƙarshen titin. Ya jawo ƙaramar kujera ya zauna a gefe a hankali don kada ya firgita ta. Sun fi minti goma a haka kafin ta lura da shi.

“Bawan Allah, ta hanyar makaranta ka biyo?”

Ya ce e, ta nan ya biyo.

“Ba ka ga ƙanena ba? Ɗan ƙarami ne, jakarsa ta fi shi girma. An tashe su tuntuni, ga yara duk sun wuce. Ba shi da kowa sai ni, in ya zo bai same ni a gida ba kuka yake yi.”

Sai a lokacin ya gane abin da ke fitar da ita titi. Ba bango take nema ba, ba taga ba. Sauri take yi ta riga shi isa gida. Matar nan ta manta sunanta, ta manta mijinta, ta manta fuskar da ke gabanta, amma ba ta manta akwai yaron da bai kamata ya tarar da ɗaki ba kowa ba. Ya so ya ce mata ga shi, ya dawo tun shekara hamsin da wani abu, ya girma, ya yi furfura, duk a hannunta. Ya san in ya faɗa za ta matsa jikin bango. Sai ya fasa.

“Na gan shi,” ya ce. “Lafiyarsa ƙalau. Ya tsaya wasa ne a hanya, yana tafe.”

Yaya ta sauke ajiyar zuciya, ta yi ɗan tsaki, bakinta yana son yin murmushi.

“Halinsa ke nan. Kullum sai na ce zan dake shi, in ya shigo kuma in kasa.” Ta mayar da idonta kan kwanar. “In ba sauri kake ba, zauna ka taya ni jira. Jiran mutum ɗaya akwai tsawo.”

Ya ce ba sauri yake ba. Ya gyara kujerarsa ta fuskanci titin, suka zauna su biyu suna jiran yaron.